Sifili cikin goma: nazarin halin wani ɗan 'yan ci-ranin Gwatamala a Misisipi

Wannan nazari ya bi halin wani yaro tun daga watan Agustan 2019, lokacin yana da shekara 8, har zuwa ƙarshen zangon karatu na 2022. An sakaya sunansa da na garinsu, kuma abin da ya shafi cikin gida an harhaɗo shi ne daga halin da iyalai irin nasa suka shiga a yankin, don kada a nuna kowa da yatsa. Samamen da jami'an shige da fice na Amurka suka yi, da dokoki da binciken da aka ambata, an kawo su yadda suke.

Kafin Agustan 2019: gidan da ya tashi

Uban yaron manomin masara ne daga tsaunukan San Marcos a yammacin Gwatamala. A 2007 ya gwada tsallakawa Amurka, aka kama shi a bakin iyaka aka mayar da shi. Bayan 'yan watanni ya sake gwadawa, ya wuce. Wannan kamun na farko, wanda shi kansa ya manta da shi, daga baya shi ya yanke wa gidan hukunci. Ya sami aiki a wata masana'antar sarrafa naman kaji a wani ƙaramin gari na tsakiyar jihar Misisipi, inda 'yan yankinsu suka riga shi zuwa. A 2010 matarsa ta biyo shi da 'yarsu mai shekara 4. An haifi yaron a 2011, ƙanwarsa kuma a 2017.

Mutum biyar ke nan a gida ɗaya, amma doka ta raba su biyu. Uba da uwa da babbar 'ya ba su da takardun zama. Ƙananan biyu 'yan ƙasa ne, saboda gyara na 14 na tsarin mulkin Amurka, na 1868, ya ba wanda aka haifa a ƙasar wannan matsayi. Yara 'yan ƙasa sama da miliyan 4 ne ke zaune da uwa ko uba marar takardu a Amurka, mafi yawansu 'yan asalin Latin Amurka. Makaranta kuwa duk suna da haƙƙinta, har da babbar 'yar, tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1982 a shari'ar Plyler da Doe.

Harshen gida Mam ne, ɗaya daga cikin harsunan al'ummar Maya. Uban yana jin Sifaniyanci sosai, uwar tana jin na kasuwa da na coci. Ingilishi na yara ne, don haka duk takardar da ta shigo gidan, ta makaranta ko ta asibiti ko ta mai gidan haya, a hannun babbar 'yar take ƙarewa.

Ba gidan duka ba ne, ba kuma gidan giya ba. Uban yakan dawo da yamma, yatsunsa sun sandare saboda sanyin ɗakin aiki da riƙon wuƙa, ya jiƙa su a ruwan ɗumi, sannan ya ce yaron ya kawo littafin aikin gida. Ba ya iya karanta abin da ke ciki. Yakan bi layukan da ido, ya tabbata babu gurbin da aka bari, ya mayar masa. Doka ɗaya ce mai tsauri a gidan: ko wa ya ƙwanƙwasa, ba a buɗe ƙofa sai an ji murya. Takardun makaranta na aji ɗaya da aji biyu sun nuna yaro mai surutu, mai son lissafi, wanda bai fi yin fashin kwana 3 a shekara ba. Ya daina fitsarin kwance tun yana shekara 4.

Laraba, 7 ga Agusta, 2019

Makon farko ne na komawa makaranta. Kwana huɗu kafin nan wani ɗan bindiga ya buɗe wuta a wani babban kanti a birnin El Paso na jihar Texas yana farautar 'yan Latin Amurka, harin da a ƙarshe ya ci rai 23, saboda haka zukata ba a kwance suke ba. Da safiyar Larabar jami'ai sama da 600 na hukumar shige da fice ta ICE suka zagaye masana'antun kaji 7 a garuruwan tsakiyar Misisipi, suka kama mutum kusan 680. Aka kwashe su a motocin safa zuwa wani ɗakin ajiye jirage na sojoji kusa da Jackson, babban birnin jihar. Uban yaron da uwarsa duk suna ciki.

Motar makaranta ta sauke yaron a bakin layinsu kamar kullum. Ya tarar da ƙofa a kulle, motar babansa ba ta nan. Ya zauna a kan matakalar katako ta ƙofar, jaka a baya, sama da awa ɗaya, kafin yayarsa ta iso tana kuka da waya a kunne. Ƙanwarsu tana gidan matar da ke yi mata reno. Daren nan su ukun sun kwana a wani zaure da mutanen gari suka buɗe wa yaran da ba a zo ɗauka ba.

Kusan mutum 300 aka saki cikin kwana ɗaya, har da masu ƙananan yara a gida. Uwar ta dawo gab da asuba da baƙar na'urar bin sawu ɗaure a idon ƙafarta. Masu jin Sifaniyanci suna ce wa na'urar *grillete*, wato mari. Kullum sai an yi mata caji. Uban bai dawo ba. Washegari, a gunduma ɗaya kawai, ɗalibai sama da 150 ba su je makaranta ba.

Da yaron ya tambayi babansa, uwar ta ce an tura shi aiki wata jiha, zai dawo in aikin ya ƙare. Ta gargaɗi babbar 'yar kada ta faɗi wani abu dabam.

Agusta zuwa Satumba 2019: alamomin farko

Fitsarin kwance ya dawo a mako na biyu, dare 5 ko 6 a kowane mako. Yana tashi da ciwon ciki da safe, musamman ranakun makaranta. Ya bar shimfiɗarsa ya koma kwana a ƙasa gefen uwarsa, hannunsa a kan ƙafar da ke da na'urar. In batirinta ya yi ƙara sai ya zabura ya nemo abin caji. A aji ba ya zama wuri ɗaya. Duk motar da ta tsaya a harabar makaranta sai ya miƙe ya leƙa taga. Daga azahar hankalinsa ya bar aji gaba ɗaya, kuma sau biyu ya ƙi hawa motar komawa gida.

Uwar ta rasa aikinta ranar samamen. Coci-coci da ƙungiyoyin agaji sun biya kuɗin haya na wata biyu, suna kuma raba abinci. Ita kanta ba ta barci, ba ta cika magana ba. Girki da wankan ƙanwar da amsa wayar lauya duk suka koma kan 'yar shekara 13.

Mako guda bayan samamen, ranar 14 ga Agusta, gwamnatin tarayya ta wallafa sabuwar ƙa'idar da ke cewa cin wasu tallafin gwamnati na iya hana baƙo samun takardar zama ta dindindin. Ƙa'idar ba ta lissafa tallafin da yaro ɗan ƙasa ke karɓa a kan iyayensa, kuma ba ta fara aiki ba sai Fabrairun 2020. A unguwar dai abin da ya bazu shi ne duk wanda sunansa ke cikin kwamfutar gwamnati za a zo masa.

Oktoba zuwa Nuwamba 2019: horo, takardar tambayoyi da ƙwaya

Matakin farko na makaranta horo ne. An matsar da kujerarsa daga taga zuwa gaban malama, an hana shi fita wasa sau da yawa, an aika wa uwar takardun gargaɗi da Ingilishi, waɗanda yayarsa ta karanta ta ajiye. Fashinsa ya kai kwana 23 a zangon farko.

A ƙarshen Oktoba uwar ta kai shi asibitin unguwa saboda ciwon cikin. An duba fitsari da jini, babu komai. Ma'aikaciyar jinya ta ɗauko takardar tambayoyi goma da ake kira ma'aunin ACE, wanda ke ƙirga munanan abubuwan da mutum ya gamu da su kafin ya cika shekara 18.

Ma'aunin ya samo asali ne daga binciken da cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, da kamfanin kiwon lafiya na Kaiser Permanente suka yi a San Diego tsakanin 1995 da 1997, ƙarƙashin likitoci Vincent Felitti da Robert Anda, a kan manya sama da 17,000. Jerin ya tsaya a kan abu goma: cin zarafi na duka, na baki da na lalata, sakaci da jikin yaro da sakaci da zuciyarsa, dukan uwa a gaban yaro, shaye-shaye a gida, taɓin hankali ko ciwon damuwa a gida, rabuwar iyaye, da ɗaurin wani ɗan gida. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen sun gamu da aƙalla ɗaya, kusan ɗaya cikin takwas kuma sun gamu da huɗu ko fiye. Rahoton farko, na 1998, ya nuna masu huɗu ko fiye sun ninka waɗanda ba su da ko ɗaya sau 4 zuwa 12 wajen haɗarin shaye-shaye, ciwon damuwa da yunƙurin kashe kai. Yawancin waɗanda aka yi binciken a kansu fararen fata ne masu ilimi da inshorar lafiya.

Babu tafinta a asibitin ranar. Yayar ce ta karanta tambayoyin da Ingilishi, ta juya wa uwar da Mam, yaron yana zaune a kan gadon gwaji yana kaɗa ƙafa. Iyaye sun rabu? A'a, aure yana nan. Akwai wanda aka ɗaure a gidan? Yarinyar ta dubi uwar, uwar ta dubi yaron, ta ce a ce a'a. Akwai mai ciwon damuwa? Yarinya ce ke tambayar mahaifiyarta a gaban baƙuwa, amsa a'a. Aka rubuta sifili cikin goma.

Da wannan sifilin, da takardar da malama ta cike mai nuna rashin natsuwa da yawan motsi, likita ya karkata ga larurar ADHD, wato ta kasa tattara hankali da yawan motsi, ya rubuta ƙwayar da ake ba masu ita. Yaron ya sha mako 3. Ya ɗan ƙara zama a kujera da safe, amma cin abincinsa ya ragu, barcinsa ya koma bayan sha biyun dare, kuka ya ƙaru da yamma. Uwar ta daina ba shi ba tare da ta gaya wa kowa ba. A ƙarshen Nuwamba takardar sabunta inshorar Medicaid ta yaron, wato inshorar lafiya ta gwamnati ga masu ƙaramin ƙarfi, ta iso. Ba ta cike ba.

Disamba 2019 zuwa Fabrairu 2020: ƙwai, da kiran bidiyo

Mai ba da shawara ta makaranta ta lura cewa rigimar yaron tana da lokaci, daga azahar zuwa tashi, ta tura su wata cibiyar lafiyar ƙwaƙwalwa mai tafiyar kusan awa ɗaya a mota. Sau biyu aka ba su rana, sau biyu ba su je ba. Misisipi ba ta ba marasa takardu lasisin tuƙi, babu motar haya a tsakanin garuruwan, inshora kuma ta yanke. Cibiyar ta rufe fayil ɗin ta rubuta cewa iyali ba su ba da haɗin kai ba.

Uwar tana da nata sunan ciwon: *susto*, wato firgita mai tsanani da ke sa ran mutum ya fice daga jikinsa ya maƙale a wurin da ya razana. Bahaushen da ya san zancen kurwa ba zai ji wannan baƙo ba. Ta kira wata tsohuwa 'yar yankinsu. Tsohuwar ta shafe jikin yaron da ɗanyen ƙwai da ganye, ta yi addu'a, sannan ta sa aka fita da shi kan matakalar ƙofar nan, ta yi ta kiran sunansa tana ce masa ya dawo gida. Ya yi barci mai kyau dare biyu. A dare na uku fitsarin ya dawo.

Shi kuwa uban, tsohon umarnin korarsa na 2007 ne aka farfaɗo da shi. Wanda aka taɓa kora ya dawo ba a ba shi damar tsayawa gaban alƙalin shige da fice ya roƙi a bar shi saboda 'ya'yansa. Yana cikin mutum sama da 100 da aka gurfanar a kotun tarayya bayan samamen. Laifinsa sake shigowa bayan kora. Ya amsa, aka lissafa masa watannin da ya yi a tsare, a Janairun 2020 aka sa shi a jirgi zuwa Gwatamala.

A farkon Fabrairu ya kira ta WhatsApp da bidiyo, karo na farko da yaron ya ga fuskarsa tun Agusta. Suna cikin magana zakara ya yi cara, wata tsohuwa ta gifta ta bayansa ɗauke da itace. Yaron ya san ta a hoton da ke jikin bangon ɗakinsu. Kakarsa ce. Ya ajiye wayar ya shige banɗaki ya kulle. Kwana huɗu bai yi wa uwarsa magana ba. A makon ne ya ture wani yaro da ya ce masa saura mamarsa, aka dakatar da shi kwana 3.

Maris zuwa Yuni 2020: sauƙin da ba na gaske ba

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. A tsakiyar Maris aka rufe makarantun jihar saboda korona. Tallafin farko da gwamnatin tarayya ta raba, dala 1,200 ga babba da 500 ga yaro, bai shafi gidan da iyaye ba su da lambar inshorar zamantakewa ba, ko da yaran 'yan ƙasa ne. Uwar ta koma dafa abincin gargajiya tana sayar wa ma'aikatan da suka ci gaba da zuwa masana'antu.

A waɗannan watanni fitsarin kwance ya sauko zuwa dare 1 ko 2 a mako, ciwon ciki ya ɓace. Uwar ta ɗauka ya warke. Sai dai yini yake a gindinta. Ran da ta fita kai abinci ta yi minti 40, ta dawo ta same shi a ƙarƙashin tebur yana rawar jiki, ya yi amai.

Yuli 2020 zuwa Janairu 2021: abin da ya yi aiki

A Yuli wata ma'aikaciyar lafiya ta unguwa, irin waɗanda ake kira *promotora*, ta zo gidan da kwalin abinci. 'Yar Gwatamala ce, tana jin Mam. Sai a zuwa na uku uwar ta ba ta labarin komai. Matar ta kira lauyan sa-kai a waya, ya tabbatar wa uwar da bakinsa cewa inshorar ɗanta ba za ta taɓa shari'arta ba. Aka sake yi wa yaron rajista. Annobar ta sa an sassauta dokar ganin likita ta bidiyo, don haka aka haɗa su da wata ƙwararriyar lafiyar ƙwaƙwalwar yara mai jin Sifaniyanci, suna ganawa ta kwamfutar hannu a wani ɗaki na coci, mai tafiyar minti goma a ƙafa.

Ta auna yaron da ma'aunin alamomin razana na yara mai maki 0 zuwa 80, wanda daga 31 ake zargin ciwon razana. Ya sami 46. Ta auna uwar da ma'aunin ciwon damuwa mai maki 0 zuwa 27, da tafinta babba, babu yaro ko ɗaya a ɗakin. Ta sami 17. A zaman ne uwar ta fara ba da labarin ƙuruciyarta a ƙarshen yaƙin basasar Gwatamala, wanda aka gama a 1996 bayan ya ci mutum kusan 200,000, yawancinsu 'yan Maya, da kuma kwanakin da ta yi a hamada goye da 'yar shekara 4.

Hanyar da aka bi ita ce TF-CBT, maganin magana da aka tsara don yaran da suka razana, wanda ake yi da yaro da mai riƙonsa tare. An yi zama 16, mako-mako. Uku na farko da uwar kaɗai. Ƙwararriyar ba ta musanta *susto* ba. Da kalmar ta yi amfani. Ta ce mata jiki yana da kare mai gadi, wanda ke haushi in ɓarawo ya zo, ya kwanta in ya tafi, amma karen ɗanta tun ranar bai kwanta ba, shi ya sa ciki da mafitsara da barci duk suka rikice. Wannan shi ne abin da masana ke nufi da matsin rai mai guba: sinadaran tsoro irin su kotisol suna ta kwarara ba hutu, babu kuma babban da zai kwantar da yaro domin shi ma babban a firgice yake.

Zama na huɗu ne mafi nauyi. Uwar ta gaya wa yaron abin da ya faru tun daga safiyar Laraba har zuwa jirgin, ta ce ta yi masa ƙarya don tana tsoron kada zuciyarsa ta karye, ta ba shi haƙuri. Tambayarsa ta farko ita ce ko an kama baban ne saboda shi ya buɗe wa wani mutum ƙofa a watan Yuli ba tare da ya ji murya ba. Ashe mutumin mai karanta mitar wuta ne. Shekara guda yana ɗauke da wannan, babu wanda ya sani.

Daga nan aka koya masa jan numfashi da saki a hankali, da sa wa abin da yake ji suna da lamba daga ɗaya zuwa biyar. Ya zana labarin ranar a littafi, shafi-shafi, ya karanta wa uwarsa, daga baya ya karanta wa babansa ta waya. Aka riƙa raba shi da uwar da gangan, minti biyar, sannan goma, sannan rabin awa, tana faɗin lokacin da za ta dawo tana kuma cikawa.

Ya nemi ƙwararriyar ta yi masa alkawarin ba za a tafi da uwarsa ba. Ta ƙi, domin shari'ar uwar tana gaban kotu. A maimakon alkawari aka zauna aka tsara abin da za a yi in hakan ta faru. Uwar ta sa hannu a takardar wakilci ta ba uwar baftismar yaron, wadda ke da takardun zama, ikon riƙe yaran. Aka yi wa ƙananan biyu fasfo. Yaron ya haddace lambobin waya biyu. Aka liƙa takarda a jikin firji: in ka dawo ƙofa a kulle, ka tafi gida kaza, ka kira wance. Aka tsayar da kiran baba kowace Lahadi bayan coci, kuma uban ya koma duba littafin aikin gida ta kyamara, yana bin layuka da ido. Da aka koma aji, malamarsa ta yarda ta nuna masa saƙon uwar a wayarta kowace azahar, kalma biyu: ina gida. Aka kuma rubuta wa makaranta da asibiti cewa su daina sa yayar tafinta.

An sami koma-baya a Nuwamba. Ranar da uwar ta je ofishin hukumar don nuna kanta, layi ya yi tsawo, wayarta ta mutu, ta makara awa huɗu. Ya tarar da ƙofa a kulle. Ya tafi gidan uwar baftismarsa ya kira lambar. Dare uku a jere ya jiƙa shimfiɗa, sannan abin ya lafa.

2021 zuwa 2022: inda aka tsaya

A zaman ƙarshe, Janairun 2021, makinsa ya sauko daga 46 zuwa 19. Bayan wata shida, 14. Fitsarin kwance ya tsaya tun Maris 2021. Ya koma shimfiɗarsa. A shekarar karatu ta 2021 zuwa 2022 ya yi fashin kwana 4, ba a dakatar da shi ko sau ɗaya ba. Lissafinsa ya dawo daidai da ajinsa, karatun Ingilishinsa yana baya da kusan aji ɗaya. Makin uwar ya sauko daga 17 zuwa 8. An cire mata na'urar aka maye gurbinta da manhajar waya. An ɗage ranar shari'arta sau biyu. Uban yana noma a San Marcos. In ya sake shigowa aka kama shi, ɗauri ne.

Hukunci

Sifilin da aka rubuta a Oktoban 2019 kuskure biyu ne a haɗe. Na farko na yadda aka yi tambayar ne, ta bakin yarinya, a gaban yaron da ake ɓoye wa magana. Na biyu ya fi zurfi, don ko da an amsa gaskiya maki 2 zai samu, ƙasa da huɗun da mutane suka saba ɗauka a matsayin jan layi. Tambayoyin goma suna neman cutar da ke fitowa daga cikin gida. Gidan wannan yaro shi ne mafakarsa. Daga waje aka shigo aka rushe. Babu tambayar kora, ko zama da fargabar kora, ko na'ura a ƙafar uwa. Wani bincike da aka wallafa a mujallar Pediatrics a 2017 ya gano 'ya'yan baƙin haure 'yan Latin Amurka suna samun maki ƙasa da na 'ya'yan 'yan uwansu haifaffun Amurka, duk da sun fi su talauci. Wani ɓangare na wannan ƙarfin zumuncin gidajen ne, na yarda. Wannan lamari yana nuna ɗaya ɓangaren, wato abin da ragar ba ta kamawa. An fara gyara: wani binciken ACE da aka yi a birnin Filadalfiya ya ƙara tambayar wariyar launi da tashin hankalin unguwa, ma'aunin PEARLS da Kalifoniya ke amfani da shi yana tambayar rabuwa da iyaye ta dalilin shige da fice. Anda da kansa, tare da abokan aikinsa, ya yi gargaɗi a 2020 cewa an gina makin ne don nazarin jama'a, bai dace a yanke wa mutum ɗaya hukunci da shi ba.

Ƙwayar ta faɗi ne saboda ba a tambayi yaushe abin ya fara ba. Ƙa'idar gano ADHD tana buƙatar alamomi na aƙalla wata shida. Nasa ba su cika uku ba, kuma takardun aji ɗaya da aji biyu suna nan a ofishin makaranta. Turawa cibiya mai nisa shawara ce mai kyau da aka ba wadda ba ta da mota. Tsohuwa mai ƙwai kuwa ban sa ta cikin waɗanda suka faɗi ba. Ba ta warkar da shi ba, amma cikin duk manyan da suka taɓa lamarin a wata shidan farko, ita kaɗai ta gane cewa wani abu ya same shi a kan matakalar nan.

Ƙaryar uwar ta yi ɓarna fiye da yadda ta zata, domin ta bar yaron shi kaɗai da zarginsa. Ban ga laifinta ba; babu wanda ya zauna da ita cikin harshenta ya nuna mata yadda ake faɗa wa ɗan shekara 8 irin wannan magana. Da aka yi hakan, ta faɗa cikin zama ɗaya. A ganina abin da ya fi aiki shi ne an fara da ita kafin shi, sannan an ƙi yi masa alkawarin da ba a da ikon cikawa. Maganin razana yawanci yana ɗauka cewa haɗarin ya wuce. Nan tsugune ba ta ƙare ba, kuma takardar jikin firji ce ta cike wannan giɓi, kamar yadda ranar Nuwamba ta nuna.

Akwai wadda nazarin bai kai kanta ba. Yayar, wadda ta tsallako hamada a goye, ta riƙe sirrin wata shida, ta fassara tambayar ɗauri tana kallon ƙanenta, ba ta da Medicaid domin ba ta da takardun zama, kuma ba ta taɓa ture kowa a makaranta ba. A 2022 tana da shekara 16, tana aikin yamma a wani gidan abinci, makinta na makaranta yana sauka. Ba a taɓa buɗe mata fayil ba.